Karatu da Hannu Ɗaya

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. Matan ajinmu na Nasarawa sun tambaya, maƙwabtana na Makera sun tambaya, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya tsare ni: "Malama Binta, wai da gaske har bakin teku kika je? To me kika gani?" Na ce masa ban ga komai ba, kamar yadda ba na ganin ruɓaɓɓen tumatirin da yake cusa mini a ƙasan leda, amma ya sani hancina yana aiki. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa zan faɗi labarin gaba ɗaya a nan, kowa ya huta.

Ni ba da makanta aka haife ni ba. A masaƙa nake aiki a Kakuri, nan Kaduna, ɓangaren zare, har ciwo ya tafi da idanuna ina da 'ya'ya. Da girmana na koyi rubutun makafi, wannan na ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa, kuma yatsun da suka sha zare ba su da saurin ji. Matan da nake koya wa karatu yawancinsu irina ne, da girmansu duhu ya same su.

A cikinsu akwai Hannatu, mijinta yana aiki a wani kamfani a Kudenda. Wata rana ɗanta Sadiku, mai rarrafe, ya jawo kofin kunu mai zafi a hannunsa. Ta yi ihu, maƙwabta suka shigo, wannan ta shafa manja, waccan ta shafa makilin, hannu ya kumbura. Uwar mijinta, da muke ce wa Iya, ta zo daga ƙauye ta yanke hukunci: makauniya ba ta raino, bayan Babbar Sallah za ta dawo ta tafi da yaron. Mijin ya sunkuyar da kai ya bi hukuncin uwarsa. Ranar da Hannatu ta faɗa mini, kuka take yi har ba na gane maganarta, ni kuwa raina ya ɓaci matuƙa.

To akwai littafi a hanya. Sista Rifkatu, nas ce mai ritaya da ke zaune a unguwar Television, ƙawata tun tana asibitin masaƙa, ta rubuta ɗan littafi da Hausa kan yadda uwa za ta kula da yaro a gida kafin a kai ga likita. Da farar hula suka dawo mulki muka samu wanda za mu dama, ƙungiyarmu ta makafi ta yi ta sintiri gidan kansila har aka yarda a buga shi iri biyu. Na masu ido za a buga a nan Kaduna, namu kuwa sai a wata maɗaba'ar makafi a Ankara, babban birnin Gana. Na ce a raina, wannan littafin ne zai tsaya wa Hannatu a gaban Iya.

Sai na sa aka karanto mini shafin farko, na kwafe shi da hannuna a rubutunmu na ɗigo, wato shafin ƙunshiya, inda ake jera kanun babi da lambar shafinsu, na kai mata ta gwada. Tabɗi! Kowane kai Sista ta fara shi da "Abubuwan da ya kamata uwa ta yi idan ta lura cewa..." sannan can a wutsiya a ambaci ciwon. Mai ido zai tsallake wannan da kallo ɗaya. Yatsa kuwa ba ya tsalle, sai ya taka kowane ɗigo. Ga rubutunmu da cin wuri, kai guda ya zubo layi uku, lambar shafi tana can ƙarshen duniya. Hannatu tana riƙe da Sadiku tana lalube, ta ɓace, ta koma farko, ta sake ɓacewa, daga ƙarshe ta ture takardar.

Na je Television na ce wa Sista a datse kanun nan a ƙunshiya, a sa sunan ciwon kawai: Ƙuna, Gudawa, Zazzaɓi, Shaƙewa. Ta ce ita ba tallar magani take yi a tasha ba, littafi ta rubuta, kuma da sabo yatsa zai yi sauri. Na ce Sallah ba za ta jira sabo ba. Ita kaɗai ƙungiya ta zaɓa ta kai rubutun Gana, ni ba wanda ya gayyace ni. Na je na shimfiɗa tabarmata a ƙofar shugaban ƙungiya, kullum da safe, har ya gaji da tsallake ƙafafuna ya ce a ƙara kujera ɗaya.

A tashar Television muka hau babbar mota zuwa Legas, ni da Sista, kujera ɗaya da ɗaya, ba ma yi wa juna magana sai ta dole. Ba mu wuce gadar Lokoja ba wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota, maganinsa yana warkar da basir, da shawara, da rashin haihuwa. Da ya lura da sandata sai ya ƙara da cewa yana buɗe ido. Ya matso yana ce mini, "Mama, kwalba ɗaya ta ishe ki." Na ce ya fara ɗiga wa direba, don tun ɗazu ba ramin da ya kauce wa. Mota ta kwashe da dariya, har Sista sai da ta yi, ta tuna muna faɗa ta maida ita tari. Sauran hanyar gardamar siyasa aka yi ta yi, kowa da bakinsa, wani dattijo a bayana yana ta cewa a da wa ya isa ya ɗaga murya haka a gaban shingen soja.

Legas ba zan ce komai a kanta ba sai hayaniya da warin kwata. Daga nan muka shiga ƙaramar mota zuwa kan iyaka. Jami'in da ya karɓi takardunmu bai yi mini magana ba, Sista ya tambaya da Turancin buroka wai ina za ta kai ni. Na riga ta amsawa na ce ni ce zan kai ta. Ya buɗe jakata ya tarar da takardu masu kauri, ba tawada ko ɗis, sai ƙuraje. Ya ce wannan wane irin saƙon asiri ne? Na ce littafi ne. Ya ce in karanta ya ji, in da gaskiyata. Na ɗora yatsa na fara: "Abubuwan da ya kamata uwa ta yi idan ta lura cewa..." Ina bi a hankali, layin mutane yana ta tsawo a bayanmu, wata mata tana tsaki. Ban kai ga sunan ciwon ba ya daka tsawa ya ce ya isa, mu wuce. Muna fita na ce, "Sista, kin ji? Ko ɗan kan iyaka da ba ya riƙe da yaro bai iya jiran kanunki ba." Ta ce in ban yi shiru ba za ta bar ni a nan in koya musu karatu.

A Kwatano babura sun fi mutane yawa, iska duk fetur. Muka zauna wurin mai shayi, ya ba ni a kwano maimakon kofi, da wani burodi dogo mai tauri kamar rake. Ina riƙe da kwanon ina jira ya huce sai na ji ƙwal! Wani bawan Allah mai wucewa ya jefa mini kwabo a ciki, ya ɗauka bara nake. Wallahi na fi jin haushin shayin da komai. Na sa cokali na tsamo kwabon, na sa Sista ta bi mutumin ta mayar masa da abinsa a jiƙe. Ta dawo tana haki ta ce mutumin ya yi ta ba da haƙuri da Faransanci, har ya saya mini wani shayin.

Kusa da Lome na ji wani ruri a hannun hagu, yana zuwa yana komawa, na ɗauka wata masaƙa ce injinanta ke aiki. Sista ta ce teku ce. Na sa aka sauke gilas, iska mai gishiri ta bugi fuskata. Wannan ita ce tekun da mai kayan miya yake tambaya. A iyakar Gana kuwa da ƙafa ake ratsawa, cikin mata masu ɗauke da kaya a ka. Wata ta kama bakin sandata za ta ja ni kamar akuya, na fizge abata. Ta yi don alheri, na sani, amma sandata idona ce, ba a kama wa mutum ido.

A Ankara mun sauka a zango, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya Adiza da kakanninta suka zo fataucin goro suka zauna. Hausarsu sai ka kasa kunne. Da ta ce mini "Sannu, ka zo lafiya?" na juya ina neman namijin da ya shigo bayana. Mutanen kirki ne na ƙarshe. Ta kawo mana wake da shinkafa, amma an zuba masa gari da taliya da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi, duk a ganye ɗaya. Wannan na cinye tas. Dokunu kuwa, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, na ce mata a Makera in tuwo ya kai haka kaji ake ba wa. Ta ce a nan sai ya kai haka ake ba wa baƙo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tashar mota. Mutane suna tsayawa a layi, shiru, ba mai ture wani. Ni da na saba da kokawar shiga bas a Kakuri har na ɗaga gwiwar hannu, ban samu wanda zan tokara ba.

Washegari muka je maɗaba'ar. Shugabar wurin Anti Efuwa ce, makauniya tun haihuwa, ta tashi kusa da zango a Kumasi don haka tana jin Hausa sarai. Ta nuna mini yadda suke aiki. A kan fallen ƙarfe ake fara huda ɗigon, sannan inji ya riƙa danna takarda a kai. Ta sa na shafa wani, sanyi ƙalau. Ta ce in an huda ƙarfe magana ta ƙare, ba gyara. Na miƙa mata kwafina, na ji hannuwanta biyu suna gudu a kan takarda, shuu, shuu, dama tana karatu hagu tana tarar layi na gaba. Ban taɓa jin mai karatu irinta ba. Na ce a raina na samu 'yar'uwa, yau Sista za ta ji daga bakin gwana.

Na zayyana mata buƙatata. Ta bari na gama sannan ta ce, "A'a."

Na ce, "A'a kamar yaya?"

Ta ce, "Dokar gidan nan ɗaya ce. Abin da ke takardar masu ido, shi ke hawa ƙarfe, kalma da kalma. Ina yarinya, littattafan da ake ba mu duk an yanke su. Wani mai ido ya zauna ya zaɓa mana abin da ya ga kanmu zai ɗauka. Sai da na girma na gane rabin littafi aka ba ni. Na rantse ba za a sake yanke wa makaho kalma ba a inda nake da iko. Ke kuma kin taso tun daga Kaduna ki ce in ɗauki almakashi da hannuna?"

Maganarta ta shige ni, don gaskiya ta faɗa. Sista a gefena ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda alƙali ya ba gaskiya. Na ce ba babin za a taɓa ba, cikakken kai yana nan a saman kowane babi, ƙunshiya kaɗai nake magana. Anti ta ce daga ƙunshiya ake farawa. Na ce ni ba wayo zan rage wa kowa ba, hanya zan rage. Ta ce duk mai yanka haka yake cewa. Murya ta fara tashi, tawa ta fi tata. Su biyu, ni ɗaya, ga mai hudar ƙarfe yana jiran umarni.

A can ƙuryar ɗakin akwai wata mata mai ɗinke littattafai, tun shigowarmu nake jin jaririnta yana ƙananan kuka. Na ce a ara mini shi. Uwar ta kwance shi ta ɗora mini. Yaro mai nauyi, Masha Allah, yana jin baƙon hannu ya buɗe maƙogwaro. Na saɓa shi a kafaɗar hagu, na ɗora kwafina a gwiwa, na ce, "Sista, ke ce nas. Yaron nan ya ƙone yanzun nan. Ku tsaya ku ga uwarsa."

Na fara lalube da hannun dama kaɗai. Abubuwan da ya kamata. Layi ya ƙare, ba hagun da za ta tarar mini na gaba, na dawo na faɗa wani layin daban. Abubuwan da ya kamata. Yaro ya banƙare, takarda ta zame, na danne ta da gwiwar hannu. Na kai wutsiyar wani kai, ashe tari ne. Na sauka ƙasa, ban san ko sabon kai nake ba ko cikon na sama. Gumi ya karyo mini. Ba wasan kwaikwayo nake ba, da gaske nake nema, kuma da gaske na kasa. Na ji kunya a gaban gwana, amma ban tsaya ba sai da Sista ta ce da ƙaramar murya, "Binta, ya isa."

Na ce, "Bai isa ba. Hannatu ba ta da wanda zai ce mata ya isa. Masu karanta littafin nan da hannu ɗaya za su karanta shi, don ɗayan yana riƙe da dalilin karatun."

Anti Efuwa ta taso. Na ji ta jawo kujera, ta karɓi yaron daga kafaɗata, ta karɓi takardar. Wannan shuu ɗin nata bai fito ba. Ta samu wurin, ta fi ni sauri nesa ba kusa ba, amma na ji inda yatsanta ya tsaya ya koma baya. Ta mayar wa uwar ɗanta. Sannan ta ce, "Na ji abin da kike faɗa. Ban taɓa karatu da yaro a hannu ba. Amma doka tana nan. Abin da ke takardar masu ido shi zan huda, ko da za ki kwana a nan."

Na ce ai kuwa na iya zaman dirshan a ƙofa, a tambayi shugabanmu. Ina cikin naɗe zanena da niyyar zama a ƙasa sai na ji Sista ta zuge jakarta. Na ji ƙarar murfin biro, sannan na ji ana jan layi a takarda, da ƙarfi, har tana neman yagewa.

Ta ce, "Anti, na masu ido ba a buga shi ba tukuna, yana hannuna, kuma ni na rubuta shi. In na gyara nawa, me dokarki ta ce?"

Anti ta ce, "Ta ce in bi ki."

Sista ta ce, "To Binta, faɗo."

Na faɗo tana sokewa tana rubutawa. Ƙuna. Gudawa. Zazzaɓi. Shaƙewa. Tari. Kowanne layi ɗaya, sunan ciwo a bakin hagu inda yatsa zai fara sauka, lamba a dama. Mun yi gardama a kan wasu, don Sista ba ta iya sallama gaba ɗaya ba, ni ma haka. Anti tana sauraro, da muka gama ta yi wata dariya mai ƙarfi ta ce tun da ta fara aikin nan littafin makafi ke bin na masu ido, yau ne karon farko da na masu ido zai bi namu. Ta ba mai huda umarni. Na tsaya har na shafa fallen ƙarfen da yatsana kafin na yarda muka fita.

Dawowa ba abin faɗa, sai dokunu da Hajiya Adiza ta cusa mini a jaka ba da sanina ba, ya bi ni da tsami har Kaduna. Littattafan sun iso ana saura kaɗan Sallah, kuma na farko da na ciro daga kwali na kai wa Hannatu.

Ranar da Iya ta zo ɗaukar yaro ina gidan, ba wanda ya gayyace ni nan ma. Har ta ɗaure kayansa a ɗankwali. Na gaishe ta da ladabi, na ce, "Iya, kafin ku tashi, ki tambayi Hannatu duk ciwon da kike tsoro." Ta yi tsaki ta ce, "In ya sake ƙonewa fa?" Sadiku yana kan cinyar uwarsa yana jan mayafinta. Na ji yatsan Hannatu ya gangaro bakin shafi, ya tsaya, na ji ta buɗa takardu. Muryarta tana rawa ta karanta cewa a zuba wa wurin ruwa mai sanyi a daɗe ana zubawa, kada a shafa manja ko makilin, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Iya ta ce, "Gudawa fa?" Ta samo. "Zazzaɓi fa?" Ta samo, wannan karon muryar ba rawa, hannunta na hagu kuwa bai saki yaron ba ko sau ɗaya.

Iya ba ta ce ta fasa ba, irinsu ba sa faɗa. Ta dai ce rana ta yi, motar ƙauye ta wuce. Ina neman takalmina a bakin ƙofa na ji tana kwance ƙullin ɗankwalin, tana mayar da kayan cikin kwalla ɗaya bayan ɗaya, tana mita wai rigunan duk sun yi wa yaron kaɗan, sai ta aiko masa da wasu.